Madubin Baba da Amawalin Agali

Rifkatu, Istifanus, da kai autanmu Ishaku: na san kowannenku ya taso da labari iri biyu game da shekarar da mahaifina ya bar kujerar dattawan ikilisiya. A gidan kakanku Dogara, mahaifin mahaifiyarku, an gaya muku taurin kai ne ya fitar da shi. A gidanmu kuwa gwaggonninku sun ce baƙin ciki aka yi masa. Ni a gabana aka yi abin, kuma yanzu da na cika shekara hamsin, tsofaffin nan biyu duk sun tafi wurin Ubangiji, ina ganin ya kamata in rubuta muku abin da idona ya gani. Ba taurin kai ba ne, ba kuma baƙin ciki ba. Magana ce ta wani shuɗin ƙyalle da wani mutum ya ƙi saukewa daga bakinsa.

Mahaifina, Malam Ayuba, tsohon malamin firamare ne na mishan. Tun kafin a haife ni ya buɗe ajin manya na koyon Turanci a cikin majami'armu da ke bayan kwatas ɗin reluwe. Ana zama ne bayan la'asar, idan ma'aikata sun tashi, a watse kafin duhu. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, kuma duk wanda yake so ya san waɗanne mutane ne suka shigo garin a wata shekara, ba sai ya je tasha ba, ya leƙa bencunan Baba kawai. Da farko 'yan'uwanmu manoma ne da suka sauko daga ƙauyuka suna neman aikin lebura a layin dogo. Daga baya matan ma'aikata 'yan kudu suka cika ajin, waɗanda mazansu suka yi makaranta, su kuwa ba su yi ba. Sai aka yi tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa, aka wayi gari rabin bencunan babu kowa. Baba ya ci gaba da goge su yana jerawa kamar gobe masu su za su dawo. Wasu ba su dawo ba har abada. Wasu sun dawo bayan yaƙi, a rame, ba su cika magana ba. Mace ɗaya ce kawai ta dawo da bakinta yadda ta tafi da shi: Mama Ngozi, mai sayar da gari da busasshen kifi, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, kuma ba ta taɓa ganin dalilin rabawa ba.

Kayan aikin Baba guda biyu ne: baƙin allon da ya haɗa da hannunsa, da wani ɗan ƙaramin madubi na aski. A ganinsa, babba ba ya koyon baƙon harshe da kunne kaɗai, domin bakinsa ya riga ya saba da hanyarsa. Saboda haka yakan tsaya gaban mutum ya ce, "Dubi bakina," ya furta kalmar, sannan ya miƙa masa madubin ya ce, "Yanzu dubi naka." Haka yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana duba inda harshe ya tsaya da yadda leɓe ya buɗe. Lokacin da na dawo daga jami'a na kama aikin koyarwa a kwalejin horon malamai, nakan taya shi da yamma, amma a zuciyata ina ganin madubin nan tsohon yayi ne. Ina da littattafai cike da sababbin dabaru, ina jiran ranar da zai gaji ya bar mini ajin.

A tsakiyar shekarun saba'in ne fari ya cinye dabbobin mutanen arewa mai nisa, muka fara ganin wasu irin baƙi suna saukowa daga jirgi: dogayen maza cikin manyan riguna, kai a naɗe, fuska a rufe sai ido, matansu kuwa fuska a buɗe. Buzaye muke kiransu. Yawancinsu aikin gadi suka samu. Ɗaya daga cikinsu, Agali, yana gadin wani babban siton citta kusa da tasha. Raƙumansa duka sun mutu, ya zo da matarsa Fatimata da tsohuwar mahaifiyarsa, kuma aikin nan kaɗai ke ciyar da su. Sai aka kawo sabon manaja daga kudu wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ya ce kafin kakar citta, lokacin da manyan motoci ke tururuwa, dole mai gadi ya iya amsa wa direbobi da Turanci, ya kuma iya ɗaukar wayar ofis idan ta yi ƙara bayan an tashi. In ba haka ba, zai nemi wani. Abin da ya kawo Agali ƙofar majami'armu ke nan a farkon damina.

Kakanku Dogara ne ya tare shi. Shi ne babban dattijo a lokacin, kuma kowace yamma yakan zagayo ya ga an rufe tagogi.

"Sannu da zuwa, baƙo," ya ce. "Aji na kowa ne. Amma nan ɗakin sujada ne, namiji ba ya shiga da kai a rufe. Ka cire, ka shiga."

Agali ya dube shi da natsuwa ya ce, "Baba, wannan ba ya ciruwa."

"Ɗinke shi aka yi da kanka?"

"Ba a ɗinke ba. Amma ba ya ciruwa."

Baba ya fito ya raba gardamar da abin da ya ga ya fi sauƙi: ya sa na fitar da kujera na ajiye a bakin taga ta waje, ƙarƙashin kwano. Daga nan Agali yana ganin allo, yana jin darasi. Haka ya yi ta zama, idan ruwa ya sauko iska ta kaɗo masa shi har gwiwa, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa ƙorafi ba. Mama Ngozi takan miƙa masa gyaɗa ta taga tana cewa, "Oga mai rawani, ta ina za ka ci? Ko dai babu baki ne, kana ɓoye mana?" Idanunsa sukan ƙanƙance, mu san dariya yake yi.

Amma karatunsa bai tafi ba. Kunnensa yana da kyau, sai dai idan ya furta kalma ta cikin amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, Baba ba ya iya gane inda ta karkace, balle ya gyara. Abin da ya fi ɓata wa Baba rai kuma shi ne wannan: duk lokacin da ya matso taga da madubinsa, sai Agali ya sa yatsu biyu ya ƙara jan ƙyallen sama, har ya kusa rufe ido. Idan ni ne na matso, sai ya bar shi ya zame ƙasa da hanci. Baba mutum ne mai haƙuri, amma malami ne da ya saba a miƙe tsaye idan ya shigo. Wata rana muna cin tuwon acca ya ture kwanon ya ce wa mahaifiyata:

"Saratu, mutumin nan ƙyamata yake yi. Ko warin baki nake yi ban sani ba? Na matso, ya toshe hanci. Yaron nan ya matso, ya buɗe. Idan don ni Kirista ne, ai shi ma Yohanna Kirista ne."

Na fara kawo bayanin da na karanta game da mutanen hamada da yashi da zafin rana. Mama ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ashe Fatimata a famfon gidanmu take ɗiban ruwa, kuma sun saba har suna tsefe wa juna kai.

"Na riga na tambayi matarsa," in ji Mama. "Ta ce a wurinsu namiji ba ya nuna bakinsa ga wanda ya ɗauka uba. Iya girman mutum a idonsa, iya yadda zai ja abin sama. Ta ce mahaifinta har ya rasu bai taɓa ganin bakin Agali ba, ko shayi zai sha a gabansa, ta ƙarƙashi yake cusa kofin." Ta juyo ta dube ni. "Kai kuma da yake sake maka, sa'ansa ya ɗauke ka. Ka ji matsayinka, mai digiri."

Baba ya jawo kwanonsa a hankali ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wato duk kwanakin nan gaishe ni yake yi."

Ranar Lahadi bayan sujada ya kai maganar gaban dattawa, ya roƙa a bar Agali ya shigo yadda yake. A nan nake so ku saurare ni da kyau, domin a nan ne labarin gidajenku biyu ya rabu. Kakanku Dogara ba mugun mutum ba ne. Mahaifinsa ne mutum na farko a ƙauyensu da ya cire hular gado a ƙofar majami'a ya shiga, kuma saboda wannan danginsa suka ƙwace gonarsa, suka daina cin abinci da shi. A wurin Dogara, buɗaɗɗen kai a ɗakin sujada ba ƙa'ida ce kawai ba, abu ne da ubansa ya saya da tsada.

"Ayuba," ya ce, "tare muka yi baftisma da kai a kogi ɗaya. Ka san abin da ubana ya sha. Ba zan zauna ina kallo a shigo nan da kai a naɗe ba."

"Na sani," in ji Baba. "Amma abin da ubanka ya yi da cirewa, shi bawan Allahn nan yake yi da rufewa. Ladabi ne duka biyun."

"Na yarda ladabi ne. Ya yi shi a waje, ba wanda ya hana shi. A cikin ɗakin nan, namu irin ladabin za a yi."

"A waje ruwa yana dukansa, kuma ba ya koyo. Idan kaka ta zo bai iya ba, mutum uku za su kwana da yunwa."

Mafi yawan dattawa suka goyi bayan Dogara. Baba ya ce to shi zai mai da ajin gidansa. Aka tuna masa cewa ajin aikin ikilisiya ne, kuma a matsayinsa na dattijo aka damƙa masa. Dattijo ba ya ƙetare shawarar majalisa ya ci gaba da zama cikinta. Baba ya ce gaskiya ne. Ya ciro makullin majami'a daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ba da fushi ba, ya gode musu. Ba wanda ya kore shi. Ku riƙe wannan.

Sai aka kira ni ciki. Dogara ya ce, "Yohanna, kai ne mai ilimin zamani. Ga ɗaki, ga bencuna, ga mutane. Ka riƙe ajin a nan, ka koyar yadda kake so." Abin da na daɗe ina jira ke nan, aka miƙo mini shi a gaban mahaifina. Akwai kuma wani abu da kowa a ɗakin ya sani: ina neman Hannatu 'yar Dogara, mahaifiyarku, har iyayena sun kai gaisuwar farko. Na nemi a ba ni lokaci. Na bi gefen layin dogo na yi ta tafiya, ina gaya wa kaina cewa idan na karɓa, sauran ɗaliban ba za su rasa wurin zama ba, kuma wannan ma gaskiya ne. Har yau nakan tambayi kaina wanne ne ya fi nauyi a raina a ranar: tausayin Agali, ko kunyar idon mahaifina, ko tsoron rasa matar da nake so. Ban tabbata ba. Na dai san na ƙare a ƙofar gidan su Hannatu, na sa aka kira mini ita, na faɗa mata komai.

Ta ce, "Allon nan yana da nauyi?"

Na ce yana da nauyi.

"To wa zai kama wa tsohon?" Ta gyara ɗankwalinta. "Babana zai yi fushi, amma na san fushinsa, yana da ƙarshe. Idan kuwa ka bar naka uban ya ɗauki allo shi kaɗai a gaban gari, ni ce ba zan manta ba."

Washegari ni da Baba muka kinkimi allon muka ratsa kwatas da shi har gida. Rabin ɗaliban suka zauna a majami'a da wani malami da aka samo musu, kuma Baba bai taɓa ganin laifinsu ba. Sauran suka biyo mu, kowa da abin zamansa. Mama Ngozi ta zo da kujerarta ta tsugunno a ka, tana faɗa wa duk wanda ta haɗu da shi, "Ni dai inda madubi ya tafi, nan Mama Ngozi ya tafi."

Muka kafa allon ƙarƙashin rumfar da Mama ke shanya citta. Agali ya zauna cikin mutane a karo na farko. Amma matsalar farko tana nan: ba zai buɗe baki a gaban Baba ba, kuma yanzu Baba ba zai taɓa neman ya buɗe ba. Da layi ya zo kan Agali, Baba ya tashi, ya ɗauki kujerarsa ya juya ta ta fuskanci katanga, ya zauna ya ba mu baya. Sannan ya miƙo madubin ta saman kafaɗarsa.

"Yohanna, karɓi. Ku matsa gefe kai da sa'anka. Kai ka zama idona, ni zan saurara."

Haka muka yi har ƙarshen damina. Ni da Agali mukan koma kusurwar rumfa, shi ma ya juya wa jama'a baya, ya sauke amawali. In furta kalma ya dubi bakina, in riƙe masa madubi ya dubi nasa. Baba kuwa, fuskarsa ga katanga, yana ji ya ce, "A'a, harshen ya yi baya, ce masa ya turo shi gaba," in duba in ga haka ne. Da hannuna na riƙe abin da na raina, na ga yana aiki. Mama Ngozi ba ta haƙura ba. Kullum idan an tashi sai ta ja ni gefe.

"Yohanna, ɗana, gaya mini tsakani da Allah. Akwai baki?"

"Akwai, Mama."

"Da haƙori?"

"Sun fi nawa kyau."

"Kai! Shi ya sa yake ɓoyewa, kada mata su bi shi."

Da aka fara haƙar citta, motoci suka fara layi a bakin sito, Agali ya yi kwanaki bai zo aji ba, hankalinmu ya tashi. Sai wata yamma ga shi da 'yar butarsa da ƙananan kofuna. Ya durƙusa nesa kaɗan da Baba ya ce waya ta yi ƙara bayan an tashi, ya ɗauka, ya gaida mai kira, ya gaya masa manaja ba ya nan, ya tambayi sunansa, ya ce ya sake kira da safe. Da safe ya isar da saƙon. Manaja ya dube shi, ya ce ya ci gaba da aikinsa. Ya hura gawayi a tsakar gidanmu ya dafa shayi, ya miƙa wa Baba kofin farko da hannu biyu. Baba ya sha, sannan ba tare da an ce masa komai ba ya juya kujerarsa ga katanga, don baƙonsa ya sha nasa a sake.

Abin da wannan ya ci mana shi ne: Baba bai sake zama a kujerun gaba ba har ya rasu. Benci na ƙarshe ya koma, kusa da tagar nan, kuma na san abin yana yi masa ciwo, musamman ranar Jibin Ubangiji idan dattawa suka tashi rarraba gurasa, sai in ga ya sunkuyar da kai. Tsakaninsa da abokin ƙuruciyarsa sai gaisuwa. Maganar aurenmu kuma aka jingine ta har wata damina ta zo ta wuce. Ajin dai ya ci gaba a rumfa. Agali ya kawo 'yan'uwansa masu gadi, kujerar Baba ta riƙa kallon katanga fiye da yadda take kallon allo. Da ruwa ya dawo ƙasarsu yawancinsu suka koma, sai mutanen Gana suka fara saukowa, malamai da teloli da masu gyaran takalma. Su Turancinsu ya ishe su, Hausar cefane suke nema, Baba ya koya musu ita da wannan madubin.

Fushin kakanku Dogara ya kai ƙarshensa kamar yadda 'yarsa ta faɗa. Mama ce ta bi ta wurin matarsa, ta ba ta labarin amawali daga farko, ita kuma ta ba shi. Bai ce ya yi kuskure ba, kuma ƙa'idar majami'a ba ta canja ba. Ya dai aiko a zo a sa rana.

Ranar ɗaurin aurenmu, ina tsaye gaban fasto na hango Agali a waje, a bakin tagarsa ta da, cikin sabuwar riga. Ba wanda ya ce masa ya tsaya can. Shi ya san dokar ɗakin, ya kuma girmama ta. Da aka tashi jama'a suka fito ana waƙa, Dogara ya fito a gaba, ya sa jar hularsa ta biki a bakin ƙofa. Sai ya hango Agali. Ya bar mutanen da ke miƙo masa hannu, ya nufi taga. Agali ya ga dattijon yana zuwa, ya sa yatsu biyu ya ja amawalinsa sama, har ya kusa rufe ido.

Dogara ya tsaya a gabansa. Ya ɗaga hannu ya cire hular da ya sa yanzu-yanzu, ya riƙe ta a ƙirji.

Mahaifina yana tsaye kusa da ni, na ji ya kama hannuna ya matse.